Fulat Ɗinka Ya Yi Kwantai a Accra? Ga Inda Masu Sayarwa Suka Fi Yin Kuskure

Wata goma sha huɗu fulat ɗin yayata ya yi a kasuwa babu wanda ya taya tayin arziki. Ɗaki biyu ne da falo, a bene na biyu, can wajen Adenta. Maigidanta ya rasu, magada suna jira, ita kuma tana so ta komo kusa da 'yan'uwa a Zangon Madina. Sau biyu ta sa aka yi fenti, ta sauya labule, ta sayi fitila mai ƙwai shida ta rataya a falo. Ina tsaye ranar da wani bawan Allah da ya dawo daga Jamus ya zo dubawa. Ko ɗaga kai bai yi ya kalli fitilar ba. Kicin ya nufa ya murɗa famfo, famfo ya yi tari ya yi shiru. Ya dawo falo ya ɗora tafin hannunsa a bango, ƙasan taga, ya ɗan jima. Sannan ya juyo ya ce, "Hajiya, sunan wa ke kan takarda?" Ta ce na marigayi. Ya yi mata ta'aziyya, ya ce zai kira. Har yau bai kira ba.

Mai sayen gida a garin nan da tsoro yake shigowa. Ko dai an taɓa cin kuɗinsa, ko an ci na wansa, ko ya ji labarin filin da aka sayar wa mutum uku. Wanda maciji ya sara, in ya ga igiya gudu yake. Mu kuma masu sayarwa sai mu yi ta kashe kuɗi a kan abin da ido ke gani, mu bar abin da ke tsorata shi yana nan daram.

Kuskuren da ya fi kowanne kashe ciniki shi ne fitar da gida kasuwa takardu ba su kammala ba. Da yawa daga cikinmu indencha, wato takardar yarjejeniyar cinikin fili ko gida, kawai muke riƙe da ita a ƙasan akwati, wani ma rasit ne da taswirar fili, ba a taɓa kai su Hukumar Filaye an yi rajista ba. Duk mai saye da ya san ciwon kansa zai tura lauya ya yi bincike a hukumar, kuma in kuɗin banki zai ɗauko, bankin ba zai saki ko sidi ɗaya ba sai ya ga sunanka a rubuce. To me zai hana ka riga shi? Je ka ofishinsu da ke Cantonments ka nemi binciken da kanka, ka karɓi sakamakon, ka yi kwafi ka haɗa da indencha da taswira da rasit na harajin gida da kake biya wa asambili, wato ƙaramar hukuma, da na kuɗin ƙasa, duk cikin fayil ɗaya. In mutum ya tambaya, ka miƙa masa a nan take. Na ga yadda fuskar mai saye ke sakewa in aka yi masa haka.

Fulat kuma yana da nasa sha'anin daban da gidan ƙasa. Yawanci ba filin ka mallaka ba, haya ce mai tsawon shekaru da ka karɓa daga kamfanin da ya gina ko hukumar da ta mallaki ginin. Buɗe takardarka ka karanta abu biyu: shekara nawa ta rage, kuma ko sai mai asalin ginin ya ba da izini a rubuce kafin ka mayar wa wani. In akwai wannan sharaɗin, fara neman izinin tun yau, don ba kwana ɗaya yake fitowa ba. Idan mai sayen ba ɗan ƙasa ba ne, misali ɗan'uwanmu ɗan kasuwa daga Kano ko Yamai, ka gaya masa tun farko cewa tsarin mulkin 1992 bai ba baƙo damar riƙe haya da ta wuce shekara 50 a lokaci guda ba. Gara ya ji daga bakinka da ya ji daga bakin lauyansa bayan an yi nisa.

Gidan gado shi ne inda muka fi faɗawa, kuma a nan yayata ta faɗa. Malam ya raba gado bisa shari'a, kowa ya amince, an yi fatiha, sai mu ɗauka magana ta ƙare. A wajen hukuma sunan mamaci ne har yanzu a kan takarda. Sai an je kotu an karɓo takardar izinin kula da dukiyar mamaci, sannan waɗanda kotu ta naɗa su ne ke da ikon sa hannu. Sai da muka yi wannan ne tayi na gaske ya fara zuwa. Haka nan maganar aure: Dokar Filaye ta 2020 ta ce gidan da aka saya ana cikin aure, miji ko mata ba zai sayar ba sai ɗayan ya yarda a rubuce. Alhaji, kada ka bari sai ranar sa hannu lauya ya tambayi ina Hajiya take. Ka zauna da ita tun kafin ka kira dillali, haƙƙinta ne ma ta sani.

Sai farashi. Maganar da na fi ji ita ce, "Kun san abin da na kashe a gidan nan?" Mai saye bai zo biyan abin da ka kashe ba, ya zo ne ya gwada gidanka da wasu huɗu ko biyar da ya gani a makon. Wani kuma ya dogara da kuɗin da maƙwabci ya sa wa nasa, ya manta na maƙwabcin ma shekara biyu ke nan yana rataye. Abin da za ka nema shi ne nawa aka sallama fulat irin naka a ginin ko a layin, kuɗin da ya shiga hannu. Tambayi mai gadi da shugaban mazauna ginin, su ne ke sanin irin wannan. In abin ya shige maka duhu, ɗauko ƙwararren mai kimanta gida ya rubuta maka rahoto, kuɗinsa bai kai asarar wata shida ba.

Sa farashi da dala ma ya zama ɗabi'a a Accra, ko Ankara kamar yadda iyayenmu ke kiranta, alhali Babban Bankin Ghana ya sha jan kunne cewa doka ta hana sai da izini. Ban da doka, ga abin da muka gani da idonmu. A farkon 2022 dala tana wajen sidi 6, kafin ƙarshen shekarar ta haura 13. A 2025 kuma ta rikito daga wajen sidi 15 zuwa wajen 10 cikin 'yan makonni. Malamin makaranta ko ma'aikaciyar asibiti da ke karɓar albashi da sidi, in suka ga alamar dala sai su wuce, ba su san nawa za a ce musu gobe ba. Faɗi kuɗinka da sidi, ka bar ɗan wurin ragi. Kuma in aka taya ƙasa, kada ka ce "albarka" ka juya baya cikin fushi. Karɓi lambarsa, ka faɗa masa inda za ka iya saukowa. Sau da yawa tayin watan farko shi ne wanda mutum ke cizon yatsa a kansa a wata na goma.

Yanzu bangon nan da mutumin Jamus ya dafa. Danshi ciwon gidajen Accra ne. A ƙasa yana tasowa daga tushen gini, a bene kuma yakan fito daga banɗakin na sama, ko bututun da ya tsage cikin bango, ko bakin taga da ruwan Yuni ke dukansa. Abin da aka saba shi ne a kira mai fenti ana jibi baƙi za su zo. Fentin kan danshi ba ya wata biyu sai ya kumbura, farin gishiri ya fito, kuma hanci na jin warinsa tun kafin nan. Gyaran gaskiya yana da tsari: a fara gano inda ruwan ke shigowa a toshe, a sassaƙe filastar da ta ruɓe har a ga bulo, a bar bangon ya sha iska ya bushe, a sake yaɓe da siminti da aka haɗa da maganin hana ruwa, sannan fenti daga ƙarshe. Lokacin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, ya fi dacewa da wannan aikin. In ruwan daga maƙwabcin sama yake, hau ka yi masa sallama ku daidaita, ko da kai za ka biya mai gyaran famfon.

Idan ba ka da halin gyarawa, nuna aibin ka rage kuɗi daidai da shi. Mun san labarin tsibin abincin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya cusa hannunsa ciki ya ji danshi, mai shi ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi, aka ce masa me ya hana ya ɗora jiƙaƙƙen a sama mutane su gani. Ina jin nauyin wannan labarin duk lokacin da na ga an jingina kujera a bango don a rufe tabo.

Ruwa da wuta kuwa, mutumin da ya rayu a zamanin dumsor, lokacin yawan ɗauke wuta a Ghana, ba sai an koya masa tambaya ba. Zai so ya san ranakun da ruwan famfo ke zuwa a unguwar, ko fulat ɗin yana da tankinsa, ko injin na tura ruwa har sama, ko mita ta kamfanin lantarki na ECG taka ce kai kaɗai ko haɗaka ce da maƙwabta. Kuɗin da yayata ta kashe a fenti na biyu da fitila da ya saya mata tanki da ɗan injin tura ruwa, kuma daga baya sai da ta saya. Biya duk bashin da ke kan mita da na ruwa da kuɗin hidimar gini, ka ajiye rasit a fayil ɗin nan. A cika tanki ranar da za a zo dubawa. In unguwarka na kwana cikin ruwa da damina, faɗa masa iyakar inda yake kaiwa. Tun ambaliyar 3 ga Yuni 2015 babu mai sayen gida a garin nan da ba ya tambayar masu shago na bakin layi.

Wasu kuma wuce gona da iri suke yi: a fasa tayil mai kyau a sa mai ƙyalli, a yi silin mai fitilu kala-kala, a shafa wa falo shuɗi mai duhu. Wannan son ranka ne, kuma kuɗin ba ya dawowa. Farin fenti ko ruwan madara ya isa. Ƙananan abubuwa su ne ke magana: gilashin taga na luba da ya fashe, ragar sauro da ta yage, ƙarfen taga mai tsatsa, murfin masai, ƙofar da ba ta rufuwa sai an daka ta da kafaɗa. Kafinta da mai walda za su gama su a kwana biyu. Sannan a rage kaya. Akwatunan lefe a kan wadirof, kwanukan samira jere har silin, buhunan shinkafa a baranda, duk suna sa ɗaki ya tsuke. Kai rabinsu gidan 'yan'uwa na ɗan lokaci, a buɗe tagogi iska ta ratsa. Kada a manta da matakala, domin ita baƙo ke fara takawa kafin ya ga ƙofarka. A share, a sa ƙwan lantarki, a kwashe tsofaffin bokitai.

Idan akwai ɗan haya a ciki, shi ma yana iya riƙe cinikin. Mutumin da ka karɓi kuɗin shekara biyu a hannunsa, alhali dokar haya ta 1963 wata shida ta yarda a karɓa gaba, yana da gaskiyarsa in ya ji tsoron a wayi gari a ce ya fita. Zauna da shi, ka gaya masa niyyarka, ku rubuta ranar da zai tashi da abin da za ka mayar masa in ya tashi da wuri, ku tsayar da ranakun da za a riƙa zuwa dubawa. In ka yi masa adalci shi zai buɗe ƙofa da fara'a.

Dillalai kuwa, ba wa mutum shida gida ɗaya ba ya sa ya yi saurin fita. Kowa zai ɗora nasa a kai, sai mai saye ya buɗe shafukan talla na intanet irin su meQasa ko Jiji ya ga falo ɗaya da farashi uku, ya ce damfara ce. Zaɓi ɗaya, in ya yi yawa biyu, wanda ke da lasisi ƙarƙashin dokar dillancin gidaje ta 2020, ku rubuta la'adarsa da wa'adin wata uku. Hotunan da zai sa a ɗauke su da hantsi, an ɗage labule, waya a kwance, a nuna kicin da banɗaki da tanki da gaban gini, kuma a yi bidiyo ɗaya tun daga bakin titi har baranda ba tare da yankewa ba. 'Yan'uwanmu da ke Bronx da Hamburg ta WhatsApp suke fara ganin gida kafin su turo ƙani ya taka. A haɗa da lambar GhanaPostGPS, wato adireshin gidan da ake nema ta waya, don kada ƙanin ya ɓata awa yana neman layi.

Ranar dubawa ka yi sallama, ka ba da ruwa, ka koma gefe. Yayata takan bi mutane ɗaki-ɗaki tana ba da tarihin kowane bango, har mata da miji su rasa sararin yin shawara. Da muka gane, sai ta riƙa zama a baranda, fayil a kan tebur, wanda ke da tambaya ya same ta. Wata ma'aikaciyar jinya ce da mijinta suka saya a ƙarshe, a wata na uku bayan takardar kotu ta fito. Mijin ya zo da kafin alƙalami a jaka, lauyanmu ya ce a'a, dokar nan ta dillancin gidaje ta 2020 ta ce kuɗin gida ta banki ake biyansa, ko cek ko tura kuɗi, ba tsaba ba. Washegari suka tura, aka sa hannu, muka karanta mita tare muka rubuta lambar a bayan takardar miƙa makulli.