Masu mayar da mota kan gas, ga kurakuran da kuke ta maimaitawa

Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, daga baya ma ta wuce dubu, sai zancen kowa ya koma CNG, wato gas ɗin da ake dannawa a tukunya mota ta yi tafiya da shi maimakon fetur. Ni direban haya ne, tsakanin Abuja da Kaduna nake lodi, ƙarshen 2024 na mayar da motata kan gas, kuma tun daga nan babu makon da wani ba zai tare ni a tasha ya ce malam ya abin yake ba. In zauna in yi bayani har bakina ya bushe, mutum ya tafi ya aikata akasin abin da na faɗa, bayan wata guda ya dawo yana salati. Na gaji wallahi, shi ya sa na ce bari in rubuta.

Babban kuskure, wanda zai iya kai mutum lahira shi da fasinjansa, shi ne ɗaukar cewa gas duk gas ne. Ba haka ba ne. Gas ɗin girki da ake sawa a tukunya mai kilo 12.5 daban, CNG daban. Na girki ruwa-ruwa yake a cikin tukunya, a ma'aunin matsi da ake kira bar, matsinsa bai ma kai 10 ba a yanayi na yau da kullum, shi kuwa CNG danna shi ake da ƙarfin bar 200. Ka duba tazarar. Tukunyar CNG ta gaskiya dunƙulallen ƙarfe ce, babu ɗinkin walda ko ɗaya a jikinta, kuma a wuyanta an buga lamba da shekarar ƙira da ranar da za ta daina aiki.

Ni ban san wannan ba lokacin. Wani ya kai ni wajen wani bakanike wai yana haɗawa a rabin kuɗi, na kwashi kuɗin adashena na wata shida na ba shi, ya ɗaura min tukunya sabuwa fil da farin fenti tana sheƙi. Na je gidan gas shan farko, yaron da ke zubawa ya ce oga buɗe but, ya haska fitilar wayarsa a wuyan tukunyar, ya shafa da yatsa, ya ce ba zai zuba ba. Na yi ta faɗa, na ce kuɗina ne motata ce, mutane suka taru. Wani dattijo a layi ya ja ni gefe ya ce ɗana ba ka ji abin da ya faru a birnin Benin na jihar Edo ba watan Oktoba, mota ta fashe a gidan gas ana cikin zuba mata, mutane suka ji munanan raunuka, kuma tukunyar haɗin walda ce. Washegari na kai ta wajen waɗanda suka koyi aikin, aka kankare fentin da takardar yashi a gabana, sai ga layin walda ya zagaye ta an shafe da fila. Ƙafafuna suka kasa ɗaukata, don bayan kujerar da nake ɗora mata da yara aka ɗaure wannan abin. Kuɗina bai dawo ba har yau, amma yaron nan ina masa addu'a kullum.

To ku ji ni da kyau, ku masu cewa ai Allah ne ke tsarewa. Eh Allah ne, amma an ce ka ɗaure raƙuminka tukuna. Wace irin araha ce za ta sa ka ɗauko bam ka ajiye a bayan 'ya'yan mutane? Ni yanzu ko ƙanina ne zai haɗa, sai na sa ya ɗauki hoton lambar wuyan tukunya ya turo min kafin ya biya ko sisi, kuma in na ga sabon fenti ya rufe lambar to magana ta ƙare. Ka je cibiyar da gwamnati ta tantance, ka karɓi takardar aikin ka ajiye a mota.

Na biyu da ya ci min kuɗi shi ne barin tankin fetur ya bushe. Da na ɗanɗana arahar gas, lokacin ana sayar da mita ɗaya, wato kubik mita da ake auna CNG da ita, naira 230, sai na daina shan fetur kwata-kwata, allura tana kwance a ja. Ashe motar da fetur take tashi da safe, sai inji ya yi zafi sannan ta juya kan gas, kuma famfon mai da ke cikin tanki fetur ɗin ne ke sanyaya shi. Wata rana bayan magariba kusa da Kateri gas ya ƙare, na danna maɓalli ta koma fetur, shiru, famfo ya ƙone. Fasinja shida, har da mai jego, a wannan hanyar da kowa ya san halinta da dare, sai da muka tare wata motar ta kwashe su na mayar musu da kuɗinsu. Tun daga ranar tankina ba ya sauka ƙasa da kwata, kuma kowace safiya sai na yi tafiyar kilomita biyar ko shida a kan fetur da gangan. Wasu abokan aikina suna cewa asara ce, ni dai haka nake yi.

Sai kuskuren lissafi. Mutum yana ƙauyen da gidan gas mafi kusa sai ya yi tafiyar awa biyu, amma ya sayar da akuyoyinsa ya haɗa don ya ji ana cewa da araha. Tukunya mai lita 65 ba lita 65 na tafiya ba ne fa, abin da take ɗauka bai wuce mita 15 ba, ni in na cika a Abuja kafin in shiga garin Kaduna ta ƙare. Arewa kuma a tirela ake kawo mana shi, muddin gas bai fara gudana sosai a bututun AKK ba, wannan mai kilomita 614 daga Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano da aka ƙaddamar da aikin shimfiɗa shi a 2020, to layi da yankewa sai haƙuri. In ba ka da gidan gas biyu a hanyar da kake bi kullum, ka dakata.

Ƙanana kuma, fulogi yana saurin gajiya a kan gas, canza shi da wuri. Tukunya tana da nauyin babban mutum, duba shokazoba na baya. Ƙarfin mota zai ɗan ragu a hawa, ba lalacewa ta yi ba, kar ka bari bakanike ya yi ta murɗa saiti. In za a zuba, kashe inji kowa ya fito. In kana zargin yoyo, kumfar sabulu za ka shafa a mahaɗa, kar ka kuskura ka kusanto da ashana.

Ɓangaren wuta ma haka ake ta kwaɓa. Yawancin wutar NEPA da muke gani daga gas ake samo ta, a tashoshi irin su Egbin ta Legas, sauran kuma daga madatsun Kainji, Jebba, Shiroro da Zungeru, amma waccan harka ce ta bututu da manyan injina. Ƙaramin janaretan gida da ake canza wa kabureta gas ɗin girki yake sha, kuma gas ɗin girki ya fi iska nauyi, in ya yi yoyo ƙasa yake kwanciya yana jiran tartsatsi, ba kamar CNG da ke tashi sama ba. Na ga maƙwabci ya jingina tukunya da salansar janareta tana ɗaukar zafi, na ga wanda ya shigar da janareta zaure wai ai na gas ba ya hayaƙi. Hayaƙin da ke kashe mutane a barci ba a ganinsa, ba a jin warinsa, kuma na gas ma yana fitar da shi. A gidana fanka da ƙwai da cajin waya duk sola ce ke riƙe da su, janareta sai in za a tayar da famfon rijiya, kuma yana can tsakar gida a fili, tukunyar tana inuwa da tiyo mai tsawon mita uku a tsakaninsu.