Yadda za ka gano kishiyar "lie in wait" a jarrabawar Turanci

Ɗaliban Jos masu shirin JAMB, daga masu zuwa lesin a Anguwan Rogo har na Gangare da Rikkos, sun san ɓangaren da ake ware kalma a cikin jimla a ce a zaɓo kishiyarta. In kalma ɗaya ce, da sauƙi. Inda maki ke zubewa shi ne in aka kawo salon magana irin "lie in wait", wanda ba shi da kishiya guda da za a haddace a huta. Tambayoyin Turanci 60 ne cikin 180 da ake amsawa a awa biyu, wato kowace tambaya daƙiƙa 40 ce rabonta. Sai ka shiga da dabararka tun daga gida.

Fara da ma'ana. "Lie in wait" shi ne kwanton ɓauna, ko fako: mutum ya laɓe inda ba a ganinsa, ya yi lamo, yana jiran wani ya zo wucewa ya far masa. Maharba sun san halin ɓauna in ta ji rauni, takan shige duhuwa ta yi kwanto har mai bin sawunta ya iso. In ka lura, abu uku ne a dunƙule a nan: ɓuya, zama wuri ɗaya, da mugun nufi. Kowannensu da tasa kishiyar, kuma jimlar da aka ba ka ce za ta nuna wanda za ka juya.

In jimlar ta ambaci wurin laɓewa, kamar bayan dutse, cikin ciyawa ko duhun dare, to ɓuya ake nufi. Nemi zaɓin da ke nufin fitowa fili: "come into the open", "show oneself", "confront openly". Shi ne abin da Bahaushe ke kira fito-na-fito ko gaba da gaba. A ganinmu ɓuya ce jigon wannan salon magana, domin wanda ya tsaya a tsakiyar hanya kowa na ganinsa ba kwanto yake yi ba, ko da sanda ce a hannunsa. Saboda haka in ka rasa madafa, nan za ka fara dubawa.

In kuwa jimlar ta fi nauyi a kan jira, misali ta ce an shafe awa uku ana abu ɗaya, to motsi za ka nema: "advance", "charge", "pursue". Mai kwanto jira yake a zo masa, mai bin sawu shi ke tashi ya je. Na uku, mugun nufi, kishiyarsa kariya ce ko rakiya ko gargaɗi, wato "protect", "escort", "warn". Kada ka ɗauke shi sai in babu na ɓuya ko na motsi a cikin zaɓin.

Ga misali da muka tsara: "The hunter lay in wait behind the rocks." Zaɓi huɗu: "lurked", "stood up", "showed himself", "told the truth". Na farko ma'anarsa ɗaya da abin da aka tambaya, kuma shi ya fi kama ɗalibai, domin ido na ganinsa zuciya ta ce ai shi ne, an manta kishiya aka ce. Na biyu na wanda ya fassara kalma-kalma ne, ya ɗauka kwanciyar tabarma ake magana, alhali mai fako yana iya zama a tsaye a bayan bango. Na huɗu tarko ne ga wanda ya san "lie" da ma'anar ƙarya kawai. Amsa ita ce "showed himself", tunda "behind the rocks" ya riga ya gaya maka ɓuya ce.

A kula da lokacin aikatau, nan ma ana tuntuɓe. "Lie" na kwanciya yana komawa "lay" in abin ya wuce, "lain" bayan "has" ko "had", sannan "lying" in ana cikin yi. "Lied" na ƙarya ne, "laid" kuma na ajiye abu ne, duk biyun ba su da wuri a nan. In jimla ta zo da "lay in wait", amsarka ma ta zama ta abin da ya wuce. Kafin ka danna, cire salon maganar ka sa zaɓinka a gurbinsa, ka karanta a zuci. In ma'anar ta juye kuma nahawun bai karye ba, wuce gaba.

Don atisaye, raba shafin littafinka gida huɗu: salon magana, ma'anarsa da Hausa, sassan da ke cikinsa, da kishiyar kowane sashe. Biyar a rana sun isa. A ƙamus, duba ƙarƙashin "wait", in ba ka gani ba ka koma "lie". Ka sa "lie low" a layi na biyu don ka ga bambanci: akwai ɓuya da zama wuri ɗaya, amma babu niyyar far wa kowa, mai yin sa gudun a gan shi yake. Shi ya sa "show oneself" ke zama kishiyar duka biyun, "protect" da "warn" kuwa na "lie in wait" ne kaɗai.