Yadda ake binciken halayen babbar lamba, da misalin 720,720

Duk wanda yake son sanin halayen babbar lamba, ya kamata ya fara da duban alkalumanta kafin ya ɗauki na'urar lissafi, domin alkaluman da kansu sukan bayyana abubuwa da yawa. Mu ɗauki 720,720. Tunda ta ƙare da sifiri, cika ce ba mara ba, kuma 2 da 5 suna raba ta ba tare da saura ba. Idan aka tara alkalumanta za a sami 18, wanda ya nuna cewa 3 da 9 ma suna raba ta.

Mataki mafi muhimmanci shi ne a wargaza lambar zuwa lambobin asali, wato waɗanda babu mai raba su sai 1 da su kansu. A nan akwai dabarar da ta cancanci a riƙe ta da kyau: a cire alkaluma uku na ƙarshe, a ɗebe su daga abin da ya rage, idan aka sami sifiri to 7 da 11 da 13 duk suna raba lambar, saboda ninkinsu shi ne 1,001. A misalinmu 720 a ɗebe 720 ya ba da sifiri, don haka lambar ita ce 720 sau 1,001. Shi kuwa 720 ya ƙunshi 2 har sau huɗu, da 3 sau biyu, da 5 sau ɗaya.

Daga wannan wargazawa ne sauran amsoshi suke fitowa. Don sanin adadin lambobin da ke raba ta, a ƙara 1 a kan yawan fitowar kowace lambar asali, sannan a ninka sakamakon: 5 sau 3 sau 2 sau 2 sau 2 sau 2, wato 240. Babu wata lamba ƙasa da ita da take da masu raba ta har haka, kuma irin waɗannan lambobi ne masanin lissafin nan na Indiya, Srinivasa Ramanujan, ya yi nazari a kansu a shekarar 1915. Ita ce kuma mafi ƙanƙantar lambar da duk lambobi daga 1 zuwa 16 suke rabawa daidai. Sai a kan 17 ne ake samun saura 5.

Ba murabba'i ba ce, wato lambar da ake samu idan aka ninka wata lamba da ita kanta, domin murabba'i yana bukatar yawan fitowar kowace lambar asali ya zama cika, alhali a nan 5 da 7 da 11 da 13 sau ɗaya kawai suka fito.

Abu na ƙarshe shi ne a tara masu raba ta duka, ban da ita kanta. Idan jimillar ta yi daidai da lambar, kamila ce, kamar 6 da 28. Idan ta gaza, mai giɓi ce. Idan ta zarce, mai yalwa ce. Jimillar a nan 2,529,072 ce, fiye da ninki uku na lambar, saboda haka 720,720 mai yalwa ce ƙwarai.