Yadda za ka shirya zuwa filin gishirin Uyuni daga Jidda

Filin Uyuni na ƙasar Bolibiya ya haura murabba'in kilomita 10,000, kuma yana kan tudun mita 3,656. Jidda kuwa a bakin teku take, don haka shiri ya zama dole.

1. Zaɓi lokaci. Janairu zuwa Maris ruwa kan kwanta a kan gishirin ya zama madubi. Yuni da Yuli busasshe ne, amma da dare ruwa har ƙanƙara yake zama.

2. Kada ka sauka jirgi ka faɗa mota. Yi kwana biyu ko uku a birnin Sukre ko La Fas na Bolibiya jikinka ya saba da tudun. Hanyar yawon tana hawa sama da mita 4,800 wajen Sol de Mañana, inda ƙasa ke fitar da tururi. Ciwon kai da haki ba sa duba ƙarfin mutum, gara ka ga likita tun a Jidda.

3. Kafin ka biya masu kai mutane yawo a filin, tambayi ko motarsu na ɗauke da iska ta numfashi. Yawanci Land Cruiser ce, fasinja shida, kwana uku. Faɗa musu ba ka cin alade. In kana shakkar yankan, nemi ƙwai da ganye.

4. Kaya: rigar sanyi mai kauri, safar hannu, baƙin tabarau (hasken gishirin na kashe ido), da kuɗin Bolibiya a hannu.

5. Alƙibla gabas take, da ɗan karkata arewa.

6. Za a miƙo maka ganyen koka, wanda ake yin hodar iblis da shi. Ko ƙwara ɗaya kada ta biyo ka Saudiyya, hukuncinsa mai tsanani ne.