Sababbin shiga jami'a: kurakuran da kuke yi da laburare da yadda za ku gyara

Salam ƙannena sababbin shiga, na ATBU da na Sa'adu Zungur a Gadau, har da 'yan GSU da Kashere can Gombe. Barkanku da samun gurbi, Allah ya sa a gama lafiya. Ni sana'ata taifin da bandin ɗin furojet ce a wajen Yelwa, duk shekara idan difens, wato kare furojet a gaban malamai, ya matso ina ganin 'yan ajin ƙarshe suna haɗa gumi a kan abin da tun aji ɗaya ya kamata su iya, shi ya sa na ce bari in faɗa muku tun da sauran lokaci.

Na farko dai kowa ya san shi, ranar da aka ce za a zagaya da ku laburare sai ku sulale, kwas ɗin GST ko GNS da ake koyar da amfani da laburare kuma ku haddace fas kwescin ku wuce. Maganin wannan ba wuya, ka je ka yi rajista ka karɓi katinka tun semesta ta farko, kuɗinsa yana cikin abin da aka biya maka.

Sai masu ɗaukar laburare wajen shan fanka. Mutum ya shigo da handawut ɗinsa, ya nemi kujera kusa da soket ya jona waya, shekara huɗu ko biyar bai taɓa ciro littafi ɗaya daga kanta ba. Alhali wurin sashe-sashe ne. Akwai inda ake ba da aro ka tafi da littafi hostel. Akwai sashen refarens, na ƙamusu da insakulofidiya da taswirori, su ba a fita da su. Akwai rizab, inda ake ajiye littafin da kowa ke rububi kwafinsa kuma kaɗan ne, a ba ka na 'yan awanni ka dawo da shi. Akwai sashen jonal, wato mujallun binciken masana, da jaridu, sannan inda ake ajiye furojet da tesis na waɗanda suka gama, wanda yawancinku sai aji huɗu kuke jin labarinsa.

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne mai bin kanta ɗaya bayan ɗaya yana karanta sunayen littattafai har wuyansa ya ƙage, daga ƙarshe ya fito ya ce ai babu komai a ciki sai tsofaffin kaya. Malam, littafi adireshi gare shi. Yawancin jami'o'inmu tsarin laburaren majalisar dokokin Amurka suke bi, da harafi ake farawa: Q kimiyya, QA lissafi, QC fizis, QD kemistiri, T fasaha da injiniyanci, TK na lantarki, S noma, L ilimin koyarwa, K shari'a, BP addinin Musulunci, tarihin Najeriya kuma a DT 515. Ka fara da katalog, wato jerin littattafan laburaren, ko na kwamfuta da ake kira OPAC ko akwatin kati, ka nemo da sunan marubuci ko sunan littafi ko fanni, ka kwafe lambar gaba ɗayanta, ba rabi ba. A ce ka ga QA 303 .B45 2010. Ka nufi layin QA, ka bi lambobi har 303, 'yar farar takardar da ke liƙe a gadon bayan littafin ita kake dubawa. Inda ake faɗuwa shi ne abin da ke bayan ɗigon nan, domin kamar disimal ake karanta shi, wato .B45 yana zuwa kafin .B5, mutum sai ya yi ta nema a gaba alhali ya riga ya wuce shi. In ka samu, ka duba na dama da na hagu, duk magana ɗaya suke yi, sau da yawa maƙwabcin ma ya fi wanda ka zo nema.

Kuma don Allah masu ɓoye littafin kemistiri a layin tarihi don kar wani ya samu kafin jarrabawa, ku ji tsoron Allah. Ko da kyakkyawar niyya ma kar ka mai da littafi kanta da kanka, ka bar shi a kan tebur ma'aikata su mayar, littafin da aka sa a gurbin da ba nasa ba ɓatacce ne ko da yana cikin ginin.

To yanzu ga babbar asarar. Ɗalibi ya samu takarda a intanet, ya danna, a ce ya biya dala talatin, sai ya rufe ya koma wani bulog ya kwaso tarkace. Bai san akwai Research4Life ba, shirin da ke bai wa jami'o'in ƙasashe irin namu jonal kyauta ko a kan rahusa: Hinari na lafiya wanda WHO ta fara a 2002, AGORA na noma daga FAO a 2003, OARE na muhalli, ARDI na fasaha, GOALI na shari'a. Da sunan makaranta ake shiga, yuzanem da fasuwod ɗin suna hannun ma'aikatan i-laburare, kai dai ka je ka ce yallaɓai ko anti, waɗanne rumbunan jonal na intanet makarantarmu take da rajista da su, kuma ya ake shiga? Shi ke nan fa. Kunyar tambaya ce kawai ke cin yara, mutanen nan digiri suka yi a kan wannan aikin, wasu har dokta. Waɗanda ba sa buƙatar fasuwod ma suna nan, shafin jonal na DOAJ duk abin da ke ciki kyauta ne, AJOL kuma na jonal ɗin Afirka ne, da yawansu a buɗe suke.

Yadda ake neman ma akwai gyara. Kar ka kwafe tambayar asaimen gaba ɗaya ka zuba a Google. Ka shiga Google Scholar, wanda ke nemo takardun bincike, ka zaɓi kalma biyu ko uku masu nauyi. In zaizayar ƙasa a Gombe aka ba ka, ka rubuta "gully erosion" a cikin alamar zance sannan Gombe, ka taƙaita shekaru a gefe, in ka samu takarda ɗaya mai kyau ka gangara ƙarshenta ka bi waɗanda ta ambata.

Sannan ba duk abin da aka buga ne ake ɗauka ba. Wa ya rubuta, yaushe, a ina ya samo? Ga misali na gida: an cire Gombe daga Bauchi a 1996, to duk littafin da aka buga kafin nan in ya ce jihar Bauchi har da Gombe da Kaltungo da Dukku yake nufi, ka kwafi faɗin ƙasar ko yawan jama'ar ka sa a aikinka na yau ka ga yadda sufabaiza zai yi maka jan biro. Haka ƙidaya, ta ƙarshe a 2006 aka yi, duk adadin da ka gani na bana hasashe ne, ka rubuta cewa hasashe ne kuma ka faɗi wanda ya yi shi. Wikipedia ka fara da ita don ka gane kan zance amma ka bi ta ƙasa zuwa asalin majiyar. Saƙon WhatsApp da aka turo a guruf kuwa ba na ma tsayawa a kansa.

ChatGPT fa? Ku yi hattara, yana iya ƙirƙiro marubuci da jonal da shekara har da lambar shafi, tsaf-tsaf kamar gaske, alhali babu takardar a duniya. Wani yaro ya kawo min aiki, aka dawo masa da babi na biyu gaba ɗaya saboda malaminsa ya nemi uku daga cikin refarens ɗin, wato majiyoyin da ya ambata, bai ga ko ɗaya ba, yana tsaye a shagona idonsa ya yi ja yana lissafin kuɗin sake firintin. Gwajin minti ɗaya ne, ka ɗauki taken ka sa a Google Scholar, ko in akwai DOI, lambar nan mai farawa da 10 da ɗigo, ka sa ta a doi.org. In ba ta fito ba ka cire ta.

Kwafi da liƙa kuma satar fasaha ce, ko daga intanet ko daga furojet ɗin yayanka, kuma yanzu ana sa aiki a manhajar Turnitin ko EagleScan su nuna inda aka kwaso. Canza kalma biyu-uku ba ya fitar da kai. Ka karanta, ka rufe littafin, ka rubuta da bakinka, sannan duk da haka ka ambaci mai shi. Ka tambayi sashenku salon rubuta refarens da suke bi, da yawa APA ne, bugu na 7 ya fito a 2019 amma wasu malaman har yanzu na 6 suke so.

Masu barin refarens sai daren da za a miƙa aiki su ne ke cika min shago suna cewa oga ka taimaka ka nemo min shekarar littafin nan, ni ina zan samo? Duk littafin da ka taɓa, kafin ka ajiye ka ɗauki hoton shafin take da bayansa inda shekara da kamfanin bugawa suke, da lambar shafin da ka ɗauko magana. Mai laftof kuma ya sauke manhajar Zotero, kyauta ne, shi zai riƙa tara masa su ya jera a salon da aka ce.