Kurakuran da Sababbin Shiga Harkar Bulokcen Suke Ta Maimaitawa

Na gaji da ganin mutum ya shigo harkar bulokcen yau, gobe ya faɗa ramin da na faɗa shekarun baya. Bulokcen kundi ne da kwamfutoci masu yawa ke riƙe da kwafinsa, kowane shafi a ɗaure da wanda ya gabace shi, shi ya sa abin da aka rubuta ba ya goguwa. Rashin goguwar nan ce take cin sababbin shiga.

Ni ta kalmomin sirri 12 na walat ta ci ni, wato mabuɗin asusun da nake ajiye kuɗin intanet a ciki. Na ɗauki hotonsu na bari a waya, wata manhaja da na sauke ta kwashe hotunan, da gari ya waye na tarar an share walat ɗin tas. Na rasa wanda zan kai wa kuka. Babu manaja, babu ofishi, ciniki ya riga ya shiga kundi. Har yau abin yana min ciwo. Yanzu a takarda nake rubuta su, kwafi biyu, wuri daban-daban. Kafin in tura kuɗi masu yawa kuma, sai na fara tura kaɗan na ga sun isa. Wasu na cewa ɓarnar kuɗin caji ce, ni dai ba zan daina ba.

Ku kuma masu kamfanoni, haba! Wa ya ce muku kundin nan yana tantance gaskiya? Idan mai kula da sito ya shigar da kwali 100 alhali 80 ne, ƙaryar ce za ta zauna daram. Ku fara gyara hannun da ke shigar da bayani. In kuwa kai kaɗai ke rubutu a kundin, rumbun bayanai na yau da kullum ya ishe ka. Kamfanonin Maersk da IBM sun kafa wani tsarin bulokcen mai suna TradeLens a 2018 don bin sawun kayan jiragen ruwa, a 2022 suka sanar da rufe shi, saboda sauran kamfanoni ba su shigo yadda ake bukata ba. Ni ba na taɓa aiki sai na ga abokan hulɗa sun amince tukuna.

Bitcoin, kuɗin intanet da ya fara aiki a 2009, amfani ɗaya ne na fasahar, ba shi ne ita ba. Kada ka zaci cinikinka a ɓoye yake, duk mai adireshin walat ɗinka yana ganinsa. Yarjejeniya mai zartar da kanta kuwa, wato manhajar da ke kan bulokcen tana aiwatar da sharuɗɗa da kanta, a ba masana su bincike ta kafin a zuba kuɗi: a 2016 kafa ɗaya da aka bari a tsarin The DAO, wani asusun zuba jari da ke aiki da irin wannan yarjejeniya, ta sa aka janye kuɗin intanet na ether kusan miliyan 3.6.