Darasi na Bakwai: Fadamar Rima da Noman da Aka Gada

Kogin Rima yana tattara ruwan Gulbin Maraɗi da na Gagare da na Bunsuru, ya gangaro ta Sabon Birni da Goronyo da Wurno, ya haɗu da Kogin Sakkwato kusa da birnin Sakkwato, sannan ruwan ya bi ta Argungu da Birnin Kebbi har ya faɗa cikin Kogin Neja. A wannan yanki damina gajera ce, ƙasar tudu kuma rairayi ce wadda ba ta riƙe ruwa, don haka gero da dawa da wake ne abin nomanta. Fadama kuwa dabam take, domin a da kowace shekara kogin yakan cika ya malala, idan ya janye sai ya bar laka baƙa mai danshi, wadda manomi zai shuka a cikinta ba tare da ya sayi taki ba.

Wannan albarka ce ta jawo manyan dauloli zuwa bakin kogin. A farkon ƙarni na 16 Muhammadu Kanta ya kafa daular Kabi, ya gina birnin Surame. Gobirawa ma a gefen Rima suka zauna a Alƙalawa, har zuwa 1808 da mayaƙan jihadi suka ci birnin. Muhammadu Bello ya gina Sakkwato a 1809, daga baya ya zaunar da jama'a a ribaɗin Wurno, inda ya rasu a 1837. Birni ba ya tsayuwa sai da rumbu a bayansa, kuma fadama ce ta ciyar da waɗannan birane.

Abin da ya fi dacewa mai karatu ya lura da shi shi ne yadda kakanni suka daidaita aikinsu da tafiyar ruwa. Sukan shuka jar shinkafa ta gida da ruwan farko, kafin kogi ya kawo, domin irin nan yana da halin miƙewa yana bin ruwa yayin da yake ƙaruwa, ba ya nutsewa da sauƙi. Idan ruwa ya fara janyewa, masunta su shiga tafkunan da ya bari bisa izinin Sarkin Ruwa, manoma kuma su bi danshin da dankali da rogo da rake. Da sanyi ya shigo sai a yanka fangali, a dasa albasa da tafarnuwa da barkono, ana ɗebo ruwa da jigo daga ƙananan rijiyoyi. Bayan girbi makiyaya su sauko da shanu ta burtali, dabbobi su ci kara da harawa, su bar wa gona taki. Ƙasa ɗaya ce, amma manomi da masunci da makiyayi kowa yana da lokacinsa a kanta, kuma rigima takan tashi ne idan wani ya shiga lokacin wani. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya samu matsayinsa na yanzu a 1934 lokacin ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu, daga wannan tsari ya tsiro.

Madatsun ruwa sun sauya lissafin. An kammala madatsar Bakolori a kan Kogin Sakkwato, kusa da Talatar Mafara, a 1978, ta Goronyo kuma a kan Rima a 1984. An samu noman rani a filaye masu faɗi, amma manoman da ke ƙasa da madatsun sun ga ambaliyar da suka saba da ita ta ragu, lakar da take kawowa ma ta ragu, shinkafar fadama da kifi suka ja baya. A 1980 manoman Bakolori sun yi bore saboda gonakinsu da diyyar da suke bi, aka murƙushe su da ƙarfin bindiga, rayuka da yawa suka salwanta. Ba daidai ba ne a koyar da tarihin wannan kwari a tsallake wannan shekara.

Yau injin ban ruwa ya maye gurbin jigo a yawancin wurare, kuma tunda laka ba ta zuwa kamar da, dole manomi ya mayar wa ƙasa abin da ya ɗauka. Ya zuba takin gida kafin ya ƙara na zamani, kada kuma ya ƙone bambaron shinkafa, gara ya bar shi ya ruɓe a gona. Idan ya ga farin gishiri yana fitowa a saman fangali, alama ce ruwa yana kwanciya ba ya samun mafita, sai ya gyara magudana. Mai albasa ya daina ban ruwa idan ganye ya fara kwanciya, ya shanya ta a inuwa har wuyanta ya bushe kafin ya kai ta rudu, wato wurin ajiyar albasa, domin albasar da aka adana da danshi ruɓewa take yi kafin farashi ya tashi.

Aikin wannan mako: kowane ɗalibi ya tambayi wani dattijon garinsu sunayen irin shinkafar da ake shukawa kafin a gina madatsun, ya rubuta su a littafinsa, ya kuma sa alama a kan waɗanda har yanzu ake samu a kasuwa.